Karin Waƙar da Juwairiyya Ta Bi Sawunsa

Malama Juwairiyya tana koyar da aji shida a wata firamare da ke unguwar Matsango a Azare, amma da waƙa aka fi saninta. In makaranta za ta yi taro, ita ake cewa ta haɗa wa yara abin da za su rera. In 'yar wata ƙawarta za ta yi aure, ita ake bi har gida. Waƙa ba ta zaɓar mata lokaci: tana iya zuwa tana tsakiyar tankaɗen gari, ko tana cikin keke napep a hanyar kasuwa, sai ta ciro waya ta rera ƙasa-ƙasa ta tura wa kanta saƙon murya. A haka waƙoƙin suka taru suka cakuɗe da gaisuwar 'yan uwa da sanarwar suna, har ta kai in tana neman ɗaya sai ta saurari goma.

Mijinta Khalil, ma'aikacin ofishin gona, shi ya gaji da jin tana tsaki, ya sa mata wata manhaja ta masu tsara waƙa a wayarta. Da farko ba su shirya ba, ita da manhajar. Manhajar ba ta jin Hausa, don haka kowace kalma Juwairiyya ta rubuta sai ta ja mata jan layi a ƙasa, kamar malamin da ya tashi da fushi. Amma da tafiya ta yi tafiya sai ta gane amfaninta. Tana rubuta baiti, ta naɗi muryarta a ƙarƙashinsa. In baiti na uku ya fi dacewa da farko, sai ta ja shi da yatsa ta kai shi sama. Amshi kuwa sau ɗaya take rubuta shi, manhajar ta riƙa saka shi duk inda ta nuna. Ta buɗe folda uku, ta makaranta, ta biki, da wata da ta kira "Na mutane", inda take ajiye abin da ta ji a bakin wasu ya burge ta.

Da bikin yaye 'yan aji shida ya matso, hedimasta ya ce mata bana yana son sabuwar waƙa, ba gyaran ta bara ba. Ta kuwa samu. Wata safiya tana shanya sai kari ya zo mata cak, da kalmominsa:

Ku tashi yara, gari ya waye,
Aji na gaba yana ta kiranku.

Ta ji daɗin karin nan ƙwarai. Yana hawa a hankali, ya ɗan tsaya kamar mai jan numfashi, sannan ya gangaro. Ta naɗe shi, ta danna ajiyewa. Sai manhajar ta fito da wani rubutu da ba ta taɓa gani ba, wai wannan karin ya yi kama da wani da ke cikin ajiyarta, ko tana son ta haɗa su wuri ɗaya?

"Kama da wanne?" ta faɗa a fili, ita kaɗai a tsakar gida.

Ta taɓa wurin. Sai ga muryar Ya Gana, maƙwabciyarsu mai kitso, tana rera waƙa da Barbarci, ana jin ƙarar mataji da kukan akuya a bayanta. Juwairiyya ta ma manta ta naɗi abin. Tun kitson Sallar da ta wuce ne, tana zaune a gaban Ya Gana, ta ji waƙar ta yi mata daɗi ta ajiye. Ta saurari tata, ta saurari ta Ya Gana, ta sake. Ta Ya Gana ta fi sauri, kalmomin kuma daban, amma hawan nan da tsayawar nan da gangarowar nan duk ɗaya ne.

Da Khalil ya dawo cin abincin rana ta kunna masa duka biyun. Ya ajiye cokali ya yi dariya.

"Maman Fahad, ashe sata kike yi mana muna ta tafa miki?"

"Wallahi ban san na ɗauka ba, Abban Fahad. Ni dai na ji ya zo mini."

"To ai shi ke nan. Ki je ki ce ta ba ki aro."

Da la'asar ta shiga gidan Ya Gana. Matar ta kai shekara sittin, iyayenta daga wajen Geidam suka zo, amma ita a Azare ta yi wayo. Tana cikin yi wa wata yarinya shuku, Juwairiyya ta zauna a bakin tabarma ta kunna mata sabuwar waƙar. Hannun Ya Gana ya tsaya a kan yarinyar.

"Malama, wannan ai ta mahaifiyata ce. Kin dai sa mata rigar makaranta."

"Me waƙar take cewa ne, Ya Gana? Ni ba na jin Barbarci."

"Ba wani abu ba ne. Zauna daidai, kar ki motsa, in kin motsa kitso ya karkace, gobe a yi miki dariya a rijiya. Haka take yi mana in tana mana kitso." Ta ci gaba da aikinta. "Ɗauki abinki, ban hana ki ba. Amma ki ce ta mutanen Geidam ce."

Juwairiyya ta fito da niyyar yin hakan, kuma da maganar ta tsaya nan. Sai dai ranar Juma'a ta kai ɗanta Fahad gaida mahaifiyarta, Hajiya Uwa, a unguwar Nasarawa. Suna hira tana jijjiga yaron a cinya, sai ta kama rera karin ba da sani ba. Hajiya da ke tsince wake ta ɗago.

"Ikon Allah. Ashe kina tune da ita?"

"Da me, Hajiya?"

"Da wannan nake sa ki barci. Ke da kukanki ba ya ƙarewa, in ban yi miki ita ba sai mu kwana zaune." Ta ture faifan gefe ta rera, a hankali sosai, da muryar da Juwairiyya ba ta san mahaifiyarta tana da ita ba:

Kwanta ɗiyata, kar ki motsa,
Baba ya tafi kasuwa zai dawo.

Juwairiyya ta daina jijjiga yaron. Ta ce, "Hajiya, kin san Ya Gana mai kitso?"

"Wace ce kuma haka?"

Ba ta san ta ba, ba su taɓa haɗuwa ba, kuma Hajiya ba ta taɓa zuwa Geidam ba. Ita a bakin goggonta ta ji, wadda ta raine ta, Goggo Baturiya ta Giade. Juwairiyya ta roƙi Hajiya ta sake rerawa, ta naɗa. Manhajar ta sake fito da rubutun nan, yanzu waƙoƙi uku ta jera. Akwai wani wuri a cikinta da ke zana murya kamar tuddai da kwari. Ta ɗora zanen guda uku ɗaya a kan ɗaya ta yi ta kallo. Na Hajiya dogo ne ya miƙe, na Ya Gana ya takure, nata yana tsakani, amma tudun nan guda yana nan a dukkansu.

Daga ranar abin ya shiga ranta. Tana cikin koyar da lissafi sai ta tsinci kanta tana tunanin ta ina waƙar kitso ta Geidam ta haɗu da waƙar raino ta Giade. Ba ɓacin rai ba ne, wannan ya wuce tun ranar farko. So take kawai ta sani, irin son da kan sa mutum leƙa rijiya alhali ba ruwa zai ja ba.

Ranar Asabar Khalil ya ɗauke ta a babur suka tafi Giade. Damina ta yi nisa, gero ya fi mutum tsawo a gefen hanya. Suka tarar da Goggo Baturiya a zaune ƙarƙashin rumfa, 'yar ƙaramar tsohuwa fara sol, idanunta sun dushe amma kunnenta garau. Bayan an gaisa an sha fura, Juwairiyya ta matsa kusa da ita ta kunna muryar Hajiya.

Tsohuwar ta karkata kai. "Uwa ce wannan. Ta ja ta da yawa, ba haka nake yi ba." Ta rera tata, Juwairiyya ta naɗa.

"Goggo, ke kika ƙirƙire ta?"

"Ni? Ina na ga wannan fasahar! Kalmomin dai nawa ne, na sa mata don yara. Sautin kuwa a ruwa na tsinto shi."

Khalil ya dubi matarsa. Shi ma ya gyara zama.

Goggo ta ce mijinta na fari ɗan koli ne, kasuwa-kasuwa yake bi. Wata damina ya tafi da ita Katagum ta gano wata 'yar uwarsa, tana goye da ɗanta na fari. Kogi ya cika ya batse, sai da fito. Ita kuwa ba ta taɓa ganin ruwa mai yawa haka ba. Aka loda su a kwalekwale, da mutane da buhuna da tumaki, ruwa yana lasar bakin jirgin. Yaron ya kama kuka, ita ma saura kaɗan.

"Sai mai fiton ya ɗauki waƙa. Wani baƙi dogo, Maigida ake ce masa. In ya kafa gora a ruwa sai ya ja muryar sama, ya tsaya, in ya tura sai ya sauke ta. Mutane suka yi ta dariya, ni tsoro bai bar ni na ji me yake cewa ba. Amma yaron nan ya yi tsit. Kafin mu kai tudu ya yi barci. Na ce to, wannan maganin ba zan bar shi a Katagum ba."

A hanyar dawowa Juwairiyya ta yi ta juya labarin a ranta a bayan babur. Sai da suka kusa shiga Azare ta ce, "Abban Fahad."

"Na sani," in ji shi. "Amma Katagum ba a babur ɗina ba. Mota za mu shiga."

Kafin su tafi ta koma wa Ya Gana ta tambaye ta ko mahaifiyarta ta taɓa bi ta Katagum. Ya Gana ta ce ita dai ta san mahaifiyarta ta yi fataucin turaren wuta da busasshen kifi kafin su zauna a Azare, ba garin da ba ta taka ba. Ta ƙara da cewa in ma akwai mai fito a maganar, to shi ya ji a bakin mutanen Geidam.

Suka shiga mota a tasha da sassafe. A Katagum ba su san kowa ba sai wani abokin aikin Khalil, shi ya haɗa su da wani mai sayar da kifi, mai kifi ya tura su gun wani tela, tela ya ce Maigida mai fito ya daɗe da rasuwa amma ɗansa Malam Abdulrahim yana nan, ga gidansa can kusa da gangaren kogi. Suka same shi a ƙofar gida yana gyaran koma, dattijo mai farin gemu da manyan hannuwa. Khalil ya gabatar da su. Da ya ji wai daga Azare suka taso saboda waƙa, sai ya dube su kamar yana jiran su faɗi ainihin abin da ya kawo su.

Juwairiyya ta durƙusa ta ce, "Baba, don Allah ka ɗan saurari wannan."

Ta kunna muryar Goggo Baturiya. Dattijon ya saki komar. Bakinsa ya fara motsi yana bin karin, can sai kafaɗunsa suka kama rawa, ya fashe da dariya har da share ido.

"Raino? Da wannan ake rainon yara a Giade? La ilaha illallahu! 'Yata, kin san abin da mahaifina yake cewa kuwa?"

Ya miƙe tsaye, ya ɗauki wata doguwar gora da ke jingine da katanga, ya kafa ta a ƙasa kamar yana cikin ruwa, ya ɗaga murya:

Zauna daidai, kar ka motsa,
Mai ƙaton ciki koma tsakiya.
A tudu kai ne jarumin gari,
Ga ka a ruwa kana kiran innarka.

Khalil ya yi dariya har ya dafa ƙasa. Juwairiyya ma dariyar take, amma idonta yana kan hannun dattijon. Tsayawar nan da ta fi so a karin, wadda take ji kamar jan numfashi, ashe lokacin da gora ta taɓa ƙasan kogi ne, mai fito ya dakata ya tattaro ƙarfi kafin ya tura. Ta naɗi komai. Malam Abdulrahim ya yi mata baiti da yawa, wasu na zolayar fatake, wasu na zolayar amare, akwai ɗaya kuma da ya fara ya dubi Juwairiyya ya ce wannan ba na gaban mata ba ne, ya bari.

Ya ce mahaifinsa ba don nishaɗi kawai yake yi ba. Mutum in ya tsorata a jirgi miƙewa yake yi, in ya miƙe kuwa kowa ya shiga uku. Amma in yana dariya, zaune yake. Kuma yana yin ta da Hausa, ya juya ta da Fulatanci, ya ɗan taɓa Barbarci, gwargwadon waɗanda ya ɗauko.

"To Baba, shi ya ƙirƙiri sautin ke nan?" Ta tambaya tana riƙe da wayar da hannu biyu.

Dattijon ya koma ya zauna. "Na taɓa tambayarsa. Ya ce wata mata ce ya ɗauko yana saurayi, ita kaɗai da ƙwaryar nono, tana yin ta a hanci tun daga wannan gaɓa har waccan. Bai san sunanta ba, bai san garinsu ba, bai sake ganinta ba. Shi dai ya ga ta dace da gora."

Juwairiyya ta sauke wayar. Ta so ta ji haushi, amma sai ta ga ba ta ji ba. Ta kalli kogin da ke gangare, jajayen ruwa suna wucewa, tana ƙoƙarin ƙiyasta fuskar matar. Ta kunna wa dattijon ta Ya Gana, ya gyaɗa kai ya ce wannan ta fi kusa da saurin mahaifinsa in ruwa ya yi sauƙi. Ta kunna masa tata ta makaranta. Ya saurara har ƙarshe.

"Kowa yana cewa a zauna, ke kin ce a tashi," in ji shi. "Allah ya sa dai ba a jirgi za su rera ba."

Kafin su tafi ya sa aka kawo musu soyayyen kifi, ya kuma roƙi a tura masa muryar tsohuwar Giade a wayarsa. Ya ce zai kunna wa ƙannensa mata, su ji inda zagin babansu ya je ya zama abin arziki.

Da ta dawo Azare ta zauna ta sake gina waƙar. Ta bar amshinta yadda yake. Ta jawo baitin raino ta sa a farko, tunda daga goyo yaran suka fara. Ta sa baitin Ya Gana da Barbarcinsa a tsakiya. Na mai fito ya ba ta wahala, don hedimasta yana da ƙaton ciki kuma shi zai zauna a gaba. Ta cire layin, ta mayar, ta sake cirewa. A ƙarshe ta canza shi zuwa "mai babban kaya koma tsakiya", ko da yake ta san ya rage daɗi. Manhajar tana da wurin rage sauri da ƙarawa, ta yi ta gwadawa har ta sami inda muryar yara ba za ta sarƙe ba. Sauran baitocin Malam Abdulrahim kuwa ta buɗe musu folda tasu, ta rubuta sunan wanda ya rera kowanne da garin da ta ji shi.

Ya Gana da ta ji ta katanga Juwairiyya tana kunna gwajin yara a waya, sai ga ta a makaranta da mayafinta, wai suna kashe mata harshe. Ta tsaya a gaban aji ta sa su maimaita layin har sai da ya fita yadda take so. Har yanzu dai ba ta yarda da labarin mai fito ba. Ta ce ita matar mai ƙwaryar nono ma, wa ya san ko daga Geidam ta fito?

Ranar bikin aka kafa rumfa a filin makaranta, iyaye suka cika. Hajiya Uwa ta zo, aka zaunar da ita kusa da Ya Gana, nan suka fara ganin juna. Yara suka jeru da fararen kaya suka ɗauka. Da aka zo baitin mai fito maza suka yi ta dariya, hedimasta ya fi kowa. Juwairiyya tana gefe tana ba su hannu har suka sauke lafiya.

Ana watsewa, tana tattara yara, wata mata da ba ta sani ba ta riƙo gefen hijabinta. Ta ce ita kakar ɗaya daga cikin ɗaliban ce, daga wajen Potiskum aka auro ta.

"Malama, wannan sautin fa namu ne. Da yaren Karekare muke yin sa, in ana sussuka. Amma mu ba ma tsayawa a tsakiya kamar yadda yaranki suka yi."

Juwairiyya ta dube ta. "Ba kwa tsayawa, Inna? Ko kaɗan?"

"Wa zai tsaya yana sussuka?"

Khalil yana tsaye ba nisa da Fahad a kafaɗa, ya ji komai. Ya ɗaga ido sama ya ce shi fa hutunsa na bana ya ƙare. Juwairiyya ba ta ko waiwaye shi ba. Ta jawo wa matar kujera zuwa inuwar darbejiya inda hayaniya ta yi sauƙi, ta tambaye ta sunanta da sunan ƙauyensu, sannan ta ce ta fara daga farko, kar ta yi sauri.